Takardar Yaya Sha'aibu

Matso kusa ka ji abin da na yi ina 'yar shekara tara, wanda har yau ban gama yafe wa kaina ba. A shekara ta huɗu bayan samun 'yancin kai ne, an gama girbin hatsi, damma na jibge a ƙofar rumbuna. Muna sussuka da hantsi a gidanmu na Dakoro sai sanƙira ya zagayo da shela: duk mai takardar jam'iyyar nan da gwamnati ta hana ya kai ta ƙofar mai gari a ƙona kafin azahar, bayan haka za a bi gida-gida.

To, unguwarmu kaf babu mai karanta boko. Wa zai bambance takardar jam'iyya da ta allurar shanu? Sai kowa ya kwaso duk abin da ke da rubutun Nasara. Kafin rana ta take, magana ta juye: wanda ya je hannu wofi, wai shi ne mai ɓoyo.

Mu takarda ɗaya tak muke da ita, wasiƙar Yaya Sha'aibu, babban wanmu, da ya tafi Kumasi shekara uku. A bayanta aka rubuta inda za a same shi. Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya taɓa karanta mana ita, ya ce bayan girbi zai rubuta amsa. Inna kan ciro ta ta shafa, ko da ba ta san harafi ɗaya ba, ta ce, "Nan ɗana yake." Da ta ji shelar, sai ta tura ta cikin jinkar rumbu. Baba ya tambaya, ta ce gara ta cinye ta. Ya dube ta, ya koma bakin aikinsa. Ina jin ya gane, ya kuma yarda.

Ni ce ban yarda ba. Ƙawayena da muke gaɗa da zuwa rijiya tare sun wuce kowace da takarda a hannu, suna yi mini dariya wai gidanmu ba mu da ko ta jefawa. Na faki idon Inna, na taka turmi, na zaro ta, na bi su da gudu.

Wutar karan dawa ce, ba ta ma kai ta dahuwar biki ba. Jandarma biyu na zaune a inuwa suna cin gyaɗa. Manya na jefawa suna waige, don maƙwabta su shaida. Na jefa tawa, ta nannaɗe, ta yi baƙi. Babu wanda ya duba abin da ke ciki, kuma ba a taɓa zuwa binciken gidajen ba.

Inna ba ta doke ni ba. Ta dai ce, "Ke ma kin yi abin da kowa ya yi." Yaya bai sake rubutowa ba, wataƙila ya ɗauka mun share shi. Shekara goma sha ɗaya Inna tana tare fataken goro masu zuwa daga Kumasi da tambaya, har ta rasu.

Yanzu jikokina da tsofaffin takardun lakwal suke hura gawayi. Nakan ƙwace, in ce a karanta mini tukuna, su yi ta dariya. Kai da kake karatu, da kana wurin ranar nan, kowa na kallon hannunka, da me za ka jefa?