Ranar da Inna ta riga ni jefa ƙuri'a

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, wasu ma da gangan, amma abin da ya faru ranar nan sai dai in tafi da shi kabari.

Mahaifiyata ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba, sai na katin zaɓe. Da ta rasu, katin ma muka neme shi muka rasa. Bayan shekara biyu aka manna sunayen masu zaɓe a bangon wata firamare a Gyadi-Gyadi, don a yi gyara. Ni karatuna bai yi nisa ba, fuskoki nake bi da yatsa. Sai ga Inna. Ɗan ƙaramin hoto, ta ɗaure fuska kamar an taɓa mata tukunya.

Kullum na taso daga aiki sai in tsaya a gabanta, har in ji kamar ƙamshin daddawarta.

Maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta 'yar Kudancin Kaduna da ke aikin gyaran, ta ce, "Maigida, ba da ni aka yi zaman makokinta ba? Kawo hannu mu cike takarda a cire ta."

Na ce, "Malama, bar ta nan. Wa ta tsare wa hanya?"

Ta ce, "To. Kai da uwarka."

Ranar zaɓe, da hantsi, na'urar tantancewa ta ƙi aiki, aka koma duba littafi. Ana buɗa shafuka ana neman sunana, sai na hango ta. An ja mata alama da biro. Ta yi zaɓe.

Wallahi ba fushi na fara ji ba. Juyawa na yi ina duba layin mata, ina neman shuɗin mayafinta. Hayaniya ta yi nisa, rana ta yi laushi, na ce a raina, ai dama ita mai sammako ce. Sai da na bayana ya ce, "Malam, matsa mana!" sannan na tuna ni na saka ta a kabari.

Har yau ban san wa aka zaɓa da sunanta ba.

Gyaran ba wuya. Mai unguwa ya san duk gawar da aka fitar, a riƙa tambayarsa mana a cire sunayen matattu. Amma ni ba ni da bakin zagin kowa. Abin da na koya shi ne, ɓarawon ƙuri'a ba ya fasa ƙofa, wadda muka bari a buɗe yake bi. Tawa kuwa, ƙauna ce ta hana ni rufe ta.