Yatsu Uku a Idon Taru

Yau da hantsi na kwance gidan sauron da yarana ke kwana ciki, na nufi tabki da shi. Sai da ruwa ya kai mini gwiwa na tuna da hannun Baba.

Masunci ne, kuma a gefenmu na tabkin Tabalak ba a jefa taru sai ya duba. Yakan zura yatsu uku a idon tarun, in ba su shige ba ya sa wuƙa. Wata shekara taruna ya kama. Har yau ina jin ƙarnin kifi a rigarsa, ina ganin kausasan yatsunsa suna neman hanya a zaren.

Na ce, "Baba, kifi ai kifi ne, babba da ƙarami."

Ya ce, "Ƙaramin nan na baɗi ne. In ka cinye shi bana, mi za ka ba ɗiyanka?"

Ya yanke tarun a gabana. Mako guda ban gaishe shi ba.

Yanzu ruwan ya ja baya, leda ta rufe gaɓa, maganin feshin garake, lambunan bakin ruwa, yana gangarowa ciki. Kowa gidan sauro yake ja a maimakon taru. Abin da na samo yau bai cika kwano ba, kuma babu ɗaya da ya kai ɗan yatsana. Uwar yara ta soya, ba ta dube ni ba.

Gobe ma zan koma, Baba, don rumbu babu hatsi. Allah ya sanyaya makwancinka, ya raya wa jikokinka ɗan abin da ya kuɓuce mini.