Ranar da Likitar Banki Ta Kusa Kashe Majinyacinta

Shekara ashirin da biyu Inna mai shara ta yi tana goge bankin bakin kasuwa. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma a unguwa Likitar Banki ake ce mata, don duk mai son jin lafiyar ajiyarsa ita yake tambaya. Kwandon sharar manaja take dubawa. In ta ga takardun maganin ciwon kai sun yi yawa, sai ta ce a yi hattara. In ɓawon ayaba ne, ta ce kowa ya sha kuruminsa.

Wata Talata ruwan sama ya huda rufin bankin, ta yini tana kwalfe ruwa. Ta dawo gida a gajiye, ta tarar da ƙanenta tela.

"Yaya, ya bankin?"

"Bari kai dai. Saura ƙiris ya rufto mana."

Shi kuwa tela bakinsa ba ya riƙe magana. Washegari Inna ta iske layi har bakin titi, kowa na ihu a ba shi kuɗinsa. Manaja na gumi, yana bayanin cewa babban banki ya bincike su bai ga matsala ba, amma ba mai saurare. Can gaba ta hango tela riƙe da katinsa. Nan take ta gane daga inda wutar ta tashi.

Ta shiga ciki da sauri, ta fito da sabuwar tsintsiya, ta ɗaga sama.

"Jama'a, jiya aka sayo mini wannan, har da bokiti biyu! Mai shirin rufe ƙofa zai sayi bokiti? Ni da nake share ƙarƙashin teburinsu, kun ga na cire ko sisi?"

Gaskiya ta faɗa, don ba ta da ko sisi a ciki.

Wani ya fashe da dariya, 'yan baya suka fara zamewa. Kafin azahar layin ya watse.

Manaja ya yi mata godiya, ya rantse sai ya gano wanda ya ƙirƙiro maganar.

"Ranka ya daɗe, mutanen yanzu ba sa tsoron Allah," in ji Inna, tana hararar tela ta taga.

A watan nan riguna uku ya ɗinka mata kyauta, shi ya sayi yadin ma.