Guɗar Yaya Saudatu a Gasar Taiko

Mariatu direbar bas ce, kullum tana kan hanya tsakanin Catford da Aldwych a birnin London, kuma wanda ya ga yadda take murɗa sitiyari ya san kafaɗun nan ba na wasa ba ne. Bayan rasuwar mijinta gida ya yi mata faɗi. Wata Asabar tana wucewa ta gaban wani zauren unguwa sai ta ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarta. Ta leƙa, sai ga mutane suna dukan taiko, gangunan Japan masu girman randa. Kallo ta shiga yi, amma da sanduna biyu a jaka ta fito.

Yaya Saudatu ce matsalar, wadda ta raine ta tun suna Zariya.

"Mu ba maroƙa ba ne," in ji ta. "Da furfurarki ki tsaya gaban ganga kina ihu? Wa ya taɓa yi a dangi?"

Daga nan ta daina ɗaga wayarta. Abin ya ci wa Mariatu rai ƙwarai, don duk London ba ta da kowa sai ita. Kiɗan kuma ta kasa bari, shi ya dawo mata da barci da cin abinci.

Da gasar ƙungiyoyin taiko ta zo, ta aika wa yayar gayyata, ba don tana sa rai ba.

A tsakiyar kiɗansu akwai wurin da ake yin tsit, sanduna a sama, ba mai ko ƙifta ido. Alƙalai suna auna wannan shirun kamar yadda suke auna bugu, kuma ƙungiyar ta sha wuya kafin ta iya shi. Ranar gasa suka kai wurin lafiya lau. Zaure ya yi tsit.

Sai guɗa ta tashi daga kujerun baya.

"Ayyururui!"

Mariatu ta san muryar nan ko cikin kasuwa. Makaɗin da ke kusa da ita ya firgita ya saki bugu kafin lokaci, sauran suka bi shi a hargitse. Kofi dai ya wuce su. Ita kuwa da hawaye ta ƙarasa kiɗan, ba ta taɓa duka da daɗi irin na ranar ba.

A bakin ƙofa ta tarar da yayar tana gyara gyale, ko alamar kunya babu.

"Yaya, shirun nan fa cikin kiɗan yake. Kin sa an yi mana deducting maki."

"Wane irin shiru? Kina ta zuba gumi, mutane sun zauna kamar gidan makoki, ba mai yaba miki." Ta kama bakin gyalenta ta share wa ƙanwar fuska. "Ashe haka kika iya, 'yar nan? Asabar ki biyo ta Thamesmead ki ɗauke ni. Amma ki gaya musu tun wuri, in ƙanwata na kiɗa ni ba na iya shiru."