Mashin Mai Hayaniya na Yayanmu

Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji yadda ta taras ana yi. Ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta zama inda yake zaune. Da ya fara kabu-kabu tsakanin Sabon Birni da Isa, sai ta samo dabara, ta koma tambayar mashin. Da la'asar ta yi za ka ji tana cewa abin nan mai hayaniya bai dawo ba har yanzu.

Hayaniya kam yana da ita. Ni bakanike ne, a hannuna mashin ɗin ya tsufa. Injin sanda muke ce wa irinsa: wasu sanduna biyu ne ke tasowa daga ƙasan inji suna tura bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, su ke yin ƙaf-ƙaf ɗin da ake jiyowa tun daga bakin kasuwa. Ba shi da gudu, ga shan mai, amma kayansa arha ne, kuma ko baƙin mai ya daɗe ba a juye ba yana haƙuri. Inna kan jiyo shi tun bai shigo lungunmu ba, sai ta tashi ta sauke tukunya.

Da 'yan bindiga suka addabi hanya, Yaya ya ce zai sauya. Ransa ya biya da injin sarƙa, wanda abin buɗe bawul ɗinsa yake can a saman kai, sarƙa ke juya shi daga ciki. Muka yi musu har gaisuwa ta so ta gagare mu, don ni zuciyata a kusa take. Na ce masa tsada gare shi tun daga saye har gyara, sarƙar in ta saki sai an aika Sakkwato, kuma ƙazamin baƙin mai kashe shi yake yi. Ya ce ai ba ya shan mai, ba ya ƙara, in ka murɗa masa wuta sai dai a ga bayanka, kuma mai bin hanyar Kamarawa yanzu gudu yake nema, ba arha ba. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Sai ga Inna ta sa baki, abin da ba ta taɓa yi ba a sha'aninsa. Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Mi wancan yay yi muku? Ku bar shi, na saba da shi."

Yaya ya yi dariya, ya ce ashe gidanmu bakanike biyu gare shi. Ta koma ɗaki.

Sabon ya zo, kuma ban ga laifinsa ba, inji ne na gaske. Sai dai Yaya ya koma sulalowa gida ba motsi, sai an ga takalmansa a ƙofa. Tsohon na jingine shi a rumfata. Inna ta rasa abin tambaya, don haka da la'asar sai ta ɗauko faifan wake ta zauna kusa da zaure tana tsinta, ko da waken tsaf yake.

Abin da Yaya ya so a sabon mashin ɗin, shi mutanen daji ke so: gudu da rashin ƙara. Wata ranar kasuwa ya ɗauki fasinja zuwa Gatawa, da rana tsaka suka tare shi a wani kwazazzabo inda yashi ke tilasta wa kowa sassautawa. Fasinjan ne ya iso a ƙafa da labari. Mun samo gawar Yaya, mashin kuwa sun tafi da shi.

A zaman makoki Inna ba ta zubar da hawaye ba. Mata suka yi ta yaba kunyarta, ni kuwa ji nake kamar in kore su duka. Zuciyata ta karye, kuma tata ce ta fi ba ni tausayi.

Bayan an watse, wani manomi ya taya tsohon mashin, yana son na jigilar gero. Na gaya wa Inna don dai ta sani. Ta dube ni ta ce:

"Kak ka sai da shi. Ka hawo shi in za ka taho gida. Kuma kak ka gyara mai ƙarar."

Washegari da la'asar na taka shi, ya tashi ba gardama. Na biyo ta bakin kasuwa a hankali, yadda Yaya ke yi, sandunan na ta ƙaf-ƙaf. Da na shiga gida na tarar ta riga ta sauke tukunya, tana tsaye a gaban murhu ta ba ni baya. Na kashe inji. A nan na ji ta kira sunansa, a hankali, kamar mai tambaya ko shi ne.