Mai Jiƙo da Titin Asibiti

Kowace safiya, kafin ya kurɓi shayi, sai ya leƙa bahon da ke bayan ofis, inda yake jiƙa ƙasar da za a ɗora titi a kanta. Shi ya sa abokan aiki ke ce masa Mai Jiƙo. Injiniya ne, shi ke yanke shawarar kaurin tsakuwa da kwalta. Yakan ce, "Busasshiyar ƙasa maƙaryaciya ce. Jiƙa ta ka ji gaskiya."

Aikinsa na ƙarshe kafin ritaya shi ne titin da ya ratsa gaban asibiti zuwa wurin fasa dutse. In kwaltar ta gaza kauri, damina za ta farfasa ta, marasa lafiya su sha jijjiga a ramuka. Ya yi lissafi da tsohon jadawalin da ya yi furfura a kansa. Sabuwar injiniyar ofis ta yi nata da kwamfuta, wadda ke auna lanƙwasar kowane shimfiɗin titi a ƙarƙashin taya. Nata ya fi kauri.

"Baba, jadawalinka bai taɓa ganin tirelar zamani ba," ta ce.

"Ke kuma, 'yata, kwamfutar taki ta taɓa taka laka?"

Ofis ya kwashe da dariya, aka ɗauka magana ta mutu. Ina! Washegari aka gan shi a bakin hanya cikin rana, yana kallon motocin dutse suna nishi. Ya sa aka auna nauyinsu, ya dawo ya bi jadawalinsa da yatsa har ƙarshen layi.

"Jadawalina ya ƙare, nauyin bai ƙare ba," ya ce a hankali. "Zo, ɗauki sakamakon jiƙona ki ba na'urarki. Da naki za mu yi."

Wayyo, Baba! Kai ne dutsen da bai ji kunyar gusawa ba. Ka fifita gadon bayan mara lafiya a kan girman furfurarka.

Damina bayan damina ta zo ta wuce. Direban motar asibiti ya rantse min cewa a titin nan ma'aikaciyar jinya kan yi wa mutum allura mota na tafiya, hannunta ko gezau.

Mun gode, Mai Jiƙo, Allah Ya sa ka huta lafiya. Mu kuwa na baya, kafin mu kafe kan abin da muka sani, mu fara jiƙa shi tukuna.