Mai Sharar da Ta Tare Ƙofar Tasha

Tsohuwar da ke share tashar mota da kaɗan ta ɗara tsintsiyarta tsawo. Hannunta na hagu a karkace yake, haƙoran gaba kuwa sun riga ta yin ritaya. Duk wanda ya ga tabon girarta ya san ba ƙofa ce ta buge ta ba.

Ga wani direba can ya maƙure matarsa a jikin mota, yana zabga mata bel, jini na bin haɓarta. Maza sun kewaye su, sai "Haba, maigida!" suke yi daga nesa.

Tsohuwar ko ta ajiye tsintsiyarta. Ta ja ƙafa zuwa ƙofar fita, ta miƙe a ƙasa ɗoɗar. Motoci maƙil da fasinja suna ta hon.

"Iya, tashi mana, za mu taka ki!"

"Taka, ɗana. Muddin bel ɗin can na sauka, ba mai fita."

Sai ga direbobi sun tuna suna da ƙarfi. Suka yi kan mijin, suka murɗe hannun, suka fizge bel ɗin.

Iya ba ta motsa ba sai da matar ta zo da ƙafarta ta ɗaga ta.